Muhawara: An sassauta wa shugaba wa'adi, an ƙulle wa mai ciki ƙofa a Amurka ta Tsakiya

Malam Bazazzage:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, ina so in ajiye ta gabanku, musamman Barista da Sista, domin ta shafi fannoninsu. Ranar 31 ga Yuli, 2025, majalisar dokokin El Salbador ta zauna ta gyara kundin tsarin mulkin ƙasar da ƙuri'a 57, uku kaɗai suka ƙi. Gyaran ya cire iyakar sau nawa mutum zai iya tsayawa takarar shugaban ƙasa, ya ƙara wa'adi daga shekara biyar zuwa shida, ya soke zagaye na biyu, ya kuma matso da zaɓe mai zuwa zuwa 2027. Kowa ya san wanda aka ɗinka wa wannan riga, wato shugaba mai ci, Nayib Bukele. Kundin 1983 da aka yi wa wannan aiki yana cewa shugaba ba zai ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adinsa ba, har ma sashe na 88 ya wajabta wa jama'a tawaye idan aka karya ƙa'idar sauya hannun mulki.

Da na bi tarihin yankin sai na ga cewa ƙasashe uku da shugaba mai ci ya samu tazarce ta hannun alƙalai, wato Nikaragwa da Honduras da El Salbador, su ne ukun da suka haramta zubar da ciki baki ɗaya, ko da likitoci sun tabbatar cewa cikin zai kashe uwar. A kundi guda, sashen da ya ɗaure hannun shugaba ya narke kamar man shanu a rana, wanda ya shafi mace mai ciki kuwa kullum ƙara masa kwaɗo ake yi. Ni dai na kasa yarda cewa dacewa ce kawai, amma ina son jin hujjar wanda ya ga akasin haka.

Barista:
Wa'alaikumus salam Malam. Bari in fara da ɓangaren tazarcen, domin hanyar da aka bi iri ɗaya ce, kuma abin mamaki ta faro ne daga ƙasar da ta fi kowace zaman lafiya a yankin. A Kosta Rika an hana tsohon shugaba sake tsayawa tun 1969, sai a Afrilun 2003 sashen tsarin mulki na kotun ƙoli ya rushe hanin, wanda hakan ya ba tsohon shugaba Óscar Arias damar dawowa a 2006. Can dai an koma ne kan tsohuwar ƙa'ida ta jiran shekara takwas, ba a ba mai ci damar zarcewa ba. Amma an buɗe wata kafa, wato hujjar cewa hana mutum takara tauye masa haƙƙi ne.

Shugaban Nikaragwa Daniel Ortega ya ɗauki wannan hujja a Oktoban 2009, alƙalai masu biyayya ga jam'iyyarsa suka ce sashe na 147 ba ya aiki a kansa, sannan a Janairun 2014 majalisa ta share iyakar gaba ɗaya. A El Salbador, ranar farko da sabuwar majalisa ta zauna, 1 ga Mayu, 2021, ta sallami alƙalai biyar na sashen tsarin mulki tare da babban mai gabatar da ƙara, kuma waɗanda aka ɗora a gurbinsu ne suka yanke hukunci ranar 3 ga Satumba cewa Bukele zai iya sake tsayawa. Wannan ya zo ne bayan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka, a ra'ayin da ta bayar a 2021 bisa roƙon Kolombiya, ta ce tazarce marar iyaka ba ya cikin haƙƙoƙin ɗan Adam.

Honduras ce ta fi ba ni takaici. Sashe na 239 na kundin 1982 ya hana tazarce, ya kuma ce duk jami'in da ya ko da kawo shawarar gyara shi ya rasa muƙaminsa, a hana shi aikin gwamnati shekara goma. Da wannan zargi aka kafa hujja lokacin da soja suka ɗauke shugaba Manuel Zelaya daga gidansa da kayan barci ranar 28 ga Yuni, 2009, suka kai shi Kosta Rika, alhali shi ya ce jin ra'ayin jama'a kan sabon kundi kawai yake nema. A Disambar 2012 majalisa ƙarƙashin Juan Orlando Hernández ta kori huɗu daga alƙalai biyar na sashen tsarin mulki, a Afrilun 2015 sababbin suka ce sashen 239 ya saɓa wa haƙƙin ɗan Adam, a 2017 Hernández, wanda ya zama shugaban ƙasa tun 2014, ya zarce a zaɓen da Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka ta nemi a sake. To wannan gwamnati ce a Janairun 2021 ta shigar da haramcin zubar da ciki cikin sashe na 67, ta ce ba za a taɓa shi ba sai da kashi uku cikin huɗu na majalisa, wato mutum 96 cikin 128. Alƙalai biyar sun isa su buɗe wa shugaba ƙofa, amma sai an tara 'yan majalisa 96 kafin a ba likita izinin ceto matar da ciki ke neman hallakawa.

Alhaji Dattijo:
Malam da Barista, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban ƙaryata ko rana ɗaya daga ranakun da kuka kawo ba, sai dai ina ganin kun ɗaure akuya da tunkiya a turke ɗaya. Haramcin El Salbador ya fara aiki tun 1998, aka kuma rubuta a kundi a 1999 cewa ɗan Adam yana farawa ne daga lokacin ɗaukar ciki. A lokacin Bukele bai cika shekara ashirin ba. Mutanen nan masu addini ne, Katolika da 'yan majami'un bishara, kuma kare ran tayi abu ne da mu ma muka yi imani da shi, domin a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai mashahurin zance shi ne ba a taɓa ciki tun daga shigarsa. Ba na so mu zama masu maimaita abin da ƙungiyoyin Turai ke so a faɗa, har mu mai da kiyaye rai alamar kama-karya.

Game da Bukele kuwa, a tambayi wanda ya kwana a unguwar da 'yan daba ke karɓar kuɗin fansa daga mai shago da direban bas. A 2015 kisan kai a ƙasar ya haura mutum ɗari cikin kowane dubu ɗari, a 2024 gwamnati ta ce ya sauko ƙasa da biyu. A zaɓen Fabrairun 2024 mutumin ya samu sama da kashi 84 cikin ɗari. Mu da muka san zafin rashin tsaro, da wace fuska za mu ce wa waɗannan mutane su sallami wanda ya ba su barci saboda wani sashe a takarda?

Sista Ungozoma:
Alhaji, ranka ya daɗe, ina girmama maganarka, kuma ni ma ban shiga wannan aiki don a riƙa zubar da ciki ba. Shekaruna a ɗakin haihuwa sun ƙare ne wajen ƙoƙarin fito da uwa da ɗa a raye. Amma akwai abin da duk wadda ta yi aikin dare ta sani, wanda masu rubuta doka ba su sani ba. Idan aka shigo da mace ƙarfe biyun dare tana zubar da jini, zanenta ya jiƙe, idonta ya yi fari, jikinta ya yi sanyi, ba abin da ke rubuce a goshinta da zai nuna ɓari ta yi ko wani abu ta sha. Sau da yawa ko bayan an yi mata wankin ciki ba za a iya rantsewa ba. Na taɓa karɓar wata yarinya da uwar mijinta ta rako tana zarginta tun daga bakin ƙofa, muka duba muka tarar cikin a wajen mahaifa yake, ya fashe, jini ya taru a mararta. Da mun tsaya bin zargi, da gawa aka mayar gida.

A El Salbador wannan zargi ne doka ta ba wa ƙarfi. Hukuncin zubar da ciki shekara biyu zuwa takwas ne, amma idan cikin ya tsufa sai a juya tuhumar zuwa kisan kai mai tsanani, wanda ke kai shekara talatin ko fiye. Matar da aka sani da suna Manuela baƙauya ce daga lardin Morazán, ba ta karatu ba ta rubutu, tana da 'ya'ya biyu. A Fabrairun 2008 haihuwa ta zo mata bagatatan a bayan gida, aka kai ta asibiti a galabaice, likita ta kai rahotonta ga hukuma, aka sa mata ankwa a jikin gado. An yanke mata shekara talatin, ta rasu a 2010 da ciwon daji tana tsare. Sai a Nuwamban 2021 kotun nahiyar ta ce an zalunce ta, ta umarci ƙasar ta tsara dokar kiyaye sirrin marar lafiya. Teodora Vásquez kuma naƙuda ta kama ta a wurin aiki a 2007 da ciki wata tara, ta kira neman agaji bai zo ba, ta suma, jaririyar ba ta rayu ba. Ta shafe sama da shekara goma a gidan yari kafin a sake ta a Fabrairun 2018.

Sai Beatriz, mai shekara 22, mai ciwon da ke sa garkuwar jiki ta riƙa cin jikin mai ita har ya taɓa mata ƙoda. A 2013 aka gano tayin da take ɗauke da shi ba shi da ƙwaƙwalwa, ba zai rayu ba. Kwamitin likitocin asibitin ya ba da shawarar a raba ta da cikin, kotu ta ƙi, aka bar ta tana jira makonni har aka yi mata aiki a watan Yuni, jaririyar ta rasu bayan awa biyar. Alhaji, ko dokar laifuka ta Arewacin Najeriya ta yi togaciya ga ceton ran uwa, kuma malamanmu sun san babin lalura da zaɓen mafi sauƙin cutarwa biyu. Abin da ke ƙasashen nan uku ya wuce inda muka tsaya nesa ba kusa ba. Kuma waɗanda aka san labarinsu a cikin ɗaurarrun kusan duk talakawa ne da suka je asibitin gwamnati, domin mai kuɗi likitanta ba ya kiran ɗan sanda.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Ni kan hujjar Alhaji ta biyu zan yi magana, domin mun ji irinta da kunnenmu. A 2009 abin da aka gaya mana shi ne a bar Tandja Mamadou ya ƙarasa ayyukan da ya faro, madatsar Kandaji da gada ta biyu a Yamai da matatar man Damagaram, kuma gaskiya talakawa da yawa suna son sa har zuciya. Ya rushe majalisa, kotun tsarin mulki ta ce ƙuri'ar raba gardamar ba ta halatta ba, ya rushe kotun ita ma a ƙarshen Yuni, a makon da aka fitar da Zelaya daga Honduras. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, aka ba shi ƙarin shekara uku, ranar 18 ga Fabrairu, 2010 soja suka shiga fada da tsakar rana. Ku kuma a Najeriya majalisar dattawa ce ta kashe zancen wa'adi na uku a Mayun 2006, abin bai kai ga bindiga ba.

Wa'adi ai an yi shi ne domin shugaban da ake so, tunda wanda ba a so akwatin zaɓe ya ishe shi. Kuma barcin da Alhaji ya ambata yana da farashi. Dokar ta-ɓacin da aka kafa a El Salbador a Maris ɗin 2022 bayan kashe mutum 87 cikin kwana uku an yi ta sabunta ta wata bayan wata, an kama sama da mutum dubu tamanin, gwamnatin da kanta ta saki dubbai da ta amince ba su da laifi. Uwar da aka kama ɗanta bisa kuskure, gaban wane alƙali za ta je, bayan majalisar da jam'iyyar shugaba ta mamaye ce ta naɗa alƙalan kotun ƙoli?

Alhaji Dattijo:
Sista, Allah ya saka miki da alheri. Ɗaure matar da ta yi ɓari zalunci ne, kuma barin uwa ta mutu alhali ana iya ceton ta ba addini ba ne a wurina. Na karɓi wannan ba tare da musu ba. Amma har yanzu ban ga igiyar da ta haɗa wannan da tazarce ba. Dokar ta yi shekara ashirin tana aiki a ƙarƙashin jam'iyyun ARENA da FMLN da suka yi mulki kafin Bukele, lokacin da kowane shugaba ke sauka idan wa'adinsa ya cika. Manuela da Teodora duk a wancan zamanin aka ɗaure su. Ɗana na Maraɗi, maganarka ta shige ni, sai dai Tandja bai gaji ƙasar da ake kashe mutum sittin a rana ɗaya ba.

Malam Bazazzage:
Alhaji, ka yi gaskiya kan El Salbador, tazarce bai haifi dokar ba. Igiyar da nake gani tana Nikaragwa, kuma a fili take. Ƙasar ta yi sama da shekara ɗari tana halatta raba mace da ciki idan likitoci sun tabbatar da haɗari. Ranar 26 ga Oktoba, 2006, kwana goma kafin zaɓe, majalisa ta soke wannan togaciya da ƙuri'a 52 ba tare da mai adawa ko ɗaya ba, kuma 'yan Sandinista, jam'iyyar Ortega ta juyin juya hali da ke alfahari da 'yantar da mata, suna cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ortega ya sha kaye sau uku a jere tun 1990, yana buƙatar coci ta daina yaƙarsa. Ya riga ya sasanta da tsohon abokin gabarsa Kadinal Miguel Obando y Bravo, wanda ya ɗaura masa auren coci da Rosario Murillo a 2005. Ya ci zaɓen da kashi 38 cikin ɗari, kuma tun da ya hau a Janairun 2007 bai sauka ba. Kundin da aka amince da shi a farkon 2025 ya mai da shi da matarsa shugabanni biyu a kujera ɗaya, wa'adi shekara shida.

Yanzu dubi abin da cocin ta girba. Bayan zanga-zangar 2018 da aka kashe sama da mutum ɗari uku, limaman da suka buɗe wa matasa ƙofofin majami'u suka zama abokan gaba. A Fabrairun 2023 aka yanke wa Bishop Rolando Álvarez na Matagalpa shekara 26 bayan ya ƙi shiga jirgin da ya kwashe fursunoni 222 zuwa Amurka, daga baya aka tura shi Rum a Janairun 2024. An hana jerin gwanon addini a tituna, an ƙwace jami'ar 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, a Managua. Wannan ne ya fi taɓa ni a matsayina na mai addini, domin malaman sun karɓi doka ɗaya a hannun mutumin, shi kuma ya karɓi ƙasar gaba ɗaya, ranar da suka buɗe baki babu kotun da ta rage da za ta saurare su.

Bukele ma ya san wannan ciniki. Makonni biyu bayan hukuncin da ya halatta masa tazarce, mataimakinsa Félix Ulloa ya miƙa daftarin gyaran kundi, aka fara raɗe-raɗin cewa zai buɗe ƙofar togaciya, limamai suka yi magana, nan take ya fito a Facebook ya ce ba zai gabatar da komai da ya shafi zubar da ciki ko auren jinsi ko taimaka wa marar lafiya ya mutu ba. Alhali lokacin yaƙin zaɓensa na farko ya nuna yarda da togaciya idan ran uwa na cikin haɗari. Ya bar musu wancan sashe, suka rage surutu kan nasa.

Ɗalibar Shari'a:
Malam, da izininka, akwai ƙasar da ba ta shiga wannan ma'auni ba. Gwatemala ta riƙe haramcin tazarce da ƙarfi, sashe na 187 na kundin 1985 ya hana duk wanda ya taɓa zama zaɓaɓɓen shugaba dawowa har abada, kuma a 2011 kotuna sun hana Sandra Torres takara duk da ta rabu da mijinta shugaba Álvaro Colom don kauce wa hanin da ke kan iyalan shugaba. Duk da haka ranar 8 ga Maris, 2022, ranar mata ta duniya, majalisarta ta amince da dokar da ta ɗaga hukuncin zubar da ciki daga shekara uku zuwa goma, washegari shugaba Alejandro Giammattei ya ayyana ƙasar a matsayin cibiyar kare rai ta yankin. Ba shi da tazarcen da yake nema. Ashe ɗan siyasa na iya amfani da wannan batu don neman farin jini ko rufe zargin cin hanci ko da ƙofar wa'adi a kulle take, don haka ina ganin dangantakar da ake nema ba ta kai ƙa'ida ba.

Barista:
Ƙanwata, kin kawo misali mai kyau, amma ki ƙarasa labarin. Mata da ɗalibai sun fito titi, Giammattei ya ce dokar ta saɓa wa kundi kuma ba zai sa hannu ba, cikin mako guda majalisa ta jingine ta. Togaciyar ceton ran uwa kuma tana nan a dokar Gwatemala. Na yarda ba ƙa'ida ba ce. Abin da nake iya tsayawa a kai shi ne inda mai mulki ya san zai sauka, yana jin tsoron titi da kotu, kuskure kuma yana gyaruwa. A Honduras Xiomara Castro ta hau a Janairun 2022 da alkawarin halatta togaciya uku, haɗarin rai da fyaɗe da tayin da ba zai rayu ba, amma katangar 96 ta fi ƙarfinta. Wanda ya gina katangar kuwa, wato Hernández, wata uku bayan saukarsa aka miƙa shi ga Amurka, kotun New York ta yanke masa shekara 45 a 2024 kan safarar hodar iblis, kafin Trump ya yi masa afuwa a ƙarshen 2025. Gyaran da majalisarsa ta yi yana nan daram.

Sista Ungozoma:
Barista, abu ɗaya da Castro ta iya yi da alƙalaminta shi ne ranar 8 ga Maris, 2023 ta ɗage haramcin ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda aka hana tun 2009 bayan juyin mulki. Shekara goma sha uku da ɗoriya ke nan yarinyar da aka yi wa fyaɗe za ta zo asibiti, ma'aikaciya ta san maganin da za ta ba ta cikin kwana uku na farko, amma doka ta ɗaure mata hannu.

Shari'ar Beatriz kuma an sanar da hukuncinta a Disambar 2024, shekara bakwai bayan rasuwarta sakamakon haɗarin hanya. Kotun nahiyar ta ce El Salbador ta tauye mata haƙƙin lafiya, ta kuma umarci a rubuta wa likitoci ƙa'idoji bayyanannu kan ciki mai haɗari, amma ba ta ce a canja dokar laifukan ba. Alhaji, ko wannan kaɗai aka yi da gaske zai rage asara, domin abin da ke kashe mace a irin wannan hali shi ne awannin da likita ke tsaye yana jiran bugun zuciyar tayi ya tsaya, ko yana neman lauyan asibiti a waya, jini kuwa yana zuba. Aiwatar da umarnin yana hannun ma'aikatar lafiya da majalisar da jam'iyyar Bukele ke da kujera 54 cikin 60, kuma ita ce majalisar da ta gama gyaran wa'adi a rana ɗaya.